Shekarar da Muka Tuge Gambar Fadama

Ban taɓa kiran sunan babban ɗana a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kuma a wajenmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba ka ɗaukarsa yana jariri ido na ganinka, ba ka yabonsa, ba ka zaunar da shi ku yi hira. In kana nemansa sai ka ce "kai", in kana zancensa sai ka ce "yaron nan". Uwarsa ma ta fi ni, ita ko "kai" ɗin ba ta cika faɗa ba, sai dai ta aiki ƙanwarsa. Mai iko a kansa, wanda zai zaunar da shi ya yi masa faɗa ya ji, shi ne wan uba ko ƙanen uba. Haka muka taso muka tarar, ni ma ban ga abin gyarawa ba, sai shekarar da yaron nan ya ɗaura niyyar tafiya haƙar zinariya, na rasa bakin da zan ce masa kada ya tafi.

A birni aka haife shi. Ni a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, don Babanmu ya ce hannu yake nema a gona. Na ɗan taɓa noman, na ga ba zan iya ba, na gudu Kano na samu aiki a wata masaƙa. A kan injin saƙa nake. Wanda bai ga lokacin ba zai ce ƙarya nake yi. In aka busa jiniyar tashi, kekuna ne suke cika titi har mota ta rasa hanya. Mai shayi yana ci a jikinmu, mai ƙosai tana ci, mai faci yana ci, mai ɗakin haya yana ci. In na zo gida da Sallah, atamfar kamfaninmu nake raba wa mata, ana cewa ga ma'aikaci ya zo.

Sai wuta ta fara wasa. Aka koma kan jannareta, man ya yi tsada. Atamfar waje ta cika kasuwa, ta fi tamu araha, ko da wanki biyu ne za ta koɗe. Aka rage mana kwanakin aiki, aka rage mutane, wata safiya muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa da maigadi yana kallon ƙasa. Ba wanda ya fito ya yi mana bayani. Abin da yake ƙona mini rai har yau, waɗanda suka cika ƙasar da kayan wajen, irinsu ne suke shiga rediyo suna cewa talaka ba ya son aiki.

Na koma acaɓa da babur ɗin wani. Ana cikin haka aka hana acaɓa a birni. Haya ta gagara, na kwaso mata da yara muka dawo ƙauye, ni da na rantse ba zan sake riƙe fartanya ba.

Garinmu yana tsakanin Shanono da Watari. Duk inda ka waiga gona ce, gona ta jingina da gona, babu jejin da za ka ce bari in sara in ƙara. Babanmu ya bar gonaki uku na tudu da fadama ɗaya a bakin rafi, inda yake ban-ruwa da jigo in rani ya yi. Shi kaɗai, sun ishe shi ya ci da gida. Da ya rasu muka zama mu da yawa, maza da mata. Kuma ga yadda ake rabo a wajenmu: ba a cewa wane ɗauki wannan gona, wane ɗauki waccan. Kowa yana tsoron a ba shi mai yashi a ba wani mai taki. Don haka kowace gona sai an sa mata igiya an tsaga ta a tsaye, kowa ya samu yankinsa a cikinta. Sai ka ga mutum yana da gona a wuri huɗu, amma kowacce siririya kamar rawani. Tawa ta bayan gari, in san huɗa ya zo juyawa sai ya taka gyaɗar maƙwabci. Aka bi duk iyakokin aka dasa gamba, gambar ta yi ƙugu ta ci nata rabon ita ma.

A wajen rabon nan muka ɓata da yayana. Akwai bishiyar ɗorawa da gindinta ya faɗo a yankina, shi kuma ya ce Baba ya ba shi ita tun yana raye. Ba shaida, sai dai shi ne babba. Dattawa suka ba shi. Har gobe ina cewa tawa ce. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, amma shekara da shekaru tsakanina da shi sai sallama a masallaci da gaisuwar mutuwa.

Fadamar kuwa da aka tsattsaga ta, sai ta mutu. Wa zai haƙa rijiya saboda yankin da bai fi shimfiɗar tabarmi ba? Wa zai bari ruwan wani ya ratsa ta nasa? Da damina kowa ya ɗan watsa shinkafa, da rani awaki su yi kiwo. Wurin da ya ci da mu muna yara ya koma wurin ɗaure jaki.

Ni na riga na ci alwashin yaron nan ba zai tsaya inda na tsaya ba. Na yi dako a kasuwa, na yi leburan gini, uwarsa ta yi ƙuli-ƙuli har hannunta ya yi kanta, ya gama sakandare, ya je birni ya yi difloma. Ranar da ya dawo da takardar ban ce masa komai ba, amma na shiga ɗaki na yi raka'a biyu. Na ɗauka an gama.

Ashe an fara ne. Ya kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma, ya kai birni, ya cika ta waya har ya gaji. Ko'ina tambaya ɗaya ce, wa ya turo ka. Mu kuwa ba mu da kowa sai Allah. Ya yi koyarwar sa-kai a firamaren garinmu, ana ce masa za a ɗauka, za a ɗauka, har aka ɗauki wasu da ba su taɓa shiga ajin ba. Da damina yana taya ni noma, amma noman nawa ne? Mu biyu, kafin hantsi ya yi zafi mun gama yanki guda. Da can saurayi yana samun ƙwadago a gonakin masu hali. Yanzu mai hali ya sayi maganin feshi, mutum ɗaya da goyon tanki ya yi aikin da samari goma suke yi. Sussukar da mata suke samu, inji ya karɓe. Ban ce inji laifi ne ba, ni ma a kansa na ci abinci. Amma injin da na sani ɗaukar mutane yake yi, wannan kuwa sallamarsu yake yi, ba a kuma tanadi inda za su nufa ba. Wasu suna tafiya Watari dashen albasa da tsinkar tumatir, to can ma hannu ya fi aikin yawa, sai ka yi sammako ka dawo ba a ɗauke ka ba.

Da an kai amfani gida, shi ke nan, sai zama. Akwai rumfar mai cajin waya a bakin hanya, nan samarin garinmu suke yini. Masu difloma, masu sakandare, waɗanda suka sauke Alƙur'ani, duk benci ɗaya. Na ga abin da zaman nan yake yi wa mutum. Da farko wanka yake yi ya sa kaya masu guga ya je ya zauna. Daga baya ya daina gugar. Daga baya ya daina dawowa cin abincin rana, don kunyar miƙa hannu a kwanon da bai kawo komai a cikinsa ba. Wasu suka fara shan abin da suke sha. Awaki suka fara ɓata a gari, abin da ba mu sani ba da. Lokacin zaɓe a zo a kwashe su a mota a raba musu riguna, a gama a watsar. Yaron nan kuwa, sa'o'insa mata duk an kai su ɗaki, shi ko zance ba ya zuwa, ya je ya ce me? Nawa bai sha komai ba, bai ɗauki na kowa ba, amma ya daina dariya, kuma ina gani.

Bayan an gama girbi a shekarar, wani mutum ya fara zuwa rumfar da babur sabo fil da waya biyu. Shi yake haɗa samari yana kai su ramukan zinariya can yamma, cikin dajin da ko direbobi ba sa son bi. Kowa a garin ya san yadda ake dawowa daga can. Ɗan maƙwabcinmu ya tafi, ya aiko da waya sau ɗaya da hoto yana riƙe da shebur, daga nan sai abokan tafiyarsa suka zo da jakarsa suka ce rami ya rufta. Uwarsa ba ta ga gawa ba. Amma wani kuma ya dawo ya yi wa gidansu rufin kwano, kuma samari rufin kwanon suke kallo.

Matata ce ta faɗa mini, ita ma a kaikaice. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, wancan na ɗakin zaure ya wanke kayansa kaf. Ƙanwarsa ta ce ya sayi takalmin roba da tocila."

Na ce, "To?"

Ta ce, "To me? Ranar kasuwa mai zuwa ta sama motar masu zuwa ramin za ta tashi. Kai ma ka sani."

Na same shi a zaure da yamma yana ɗinke jakarsa. Na tsaya a kansa. Maganar tana nan a maƙogwarona, wallahi tana nan. Ya ɗago ya ce, "Baba, sannu da zuwa." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai, an ba tumakin nan ruwa?" Ya ce an ba su. Na wuce cikin gida kamar wanda aka kora.

Matata ta dube ni ta ce, "Ka faɗa masa?"

Na ce, "Ke me ya hana ki?"

Ta ce, "Ni uwarsa ce, ka taɓa ganin an yi? Ai yana da uba. Ga shi can bayan katanga."

Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan taka gidan mutumin nan ba. Ta ci gaba da aikinta, ta ce, "Shi ke nan. In an kawo jakar sai ka karɓa, ni ba zan fito ba."

Washegari da hantsi na yi sallama a zauren yayana. Yana zaune yana gyaran igiyar shanu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah. Ma'aikaci da kansa. Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna, Yaya."

"To ɗorawar ka zo karɓa? Ba ta yi 'ya'ya ba bana."

Na haɗiye. Na tsuguna na ce, "Ɗanka ne zai tafi ramin zinariya."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kuma ka zauna kana kallo saboda girman kai. Kai dai tun kana yaro haka kake." Ya leƙa waje ya sa aka kira shi.

Yaron nan ya zo ya durƙusa. Yaya ya fara da abin da aka saba, ya kawo haƙuri, ya kawo arziki na Allah ne, ya kawo ɗan maƙwabci. Ya rufe da cewa, "Ban yarda ba. Ba za ka je ba."

Ni na ɗauka magana ta ƙare, don a zamaninmu in wan uba ya ce haka, ta ƙare. Yaron nan kansa yana ƙasa ya ce, "Baffa, na ji. Amma in na zauna, in yi me?"

Yaya ya ce, "Ka yi noma mana, kamar kowa."

"A ina, Baffa? Gonar Baba ko shi kaɗai ba ta isarsa. Daga yanzu har ruwa ya sauka ba abin da zan taɓa. Ƙanwata ce take ba ni sabulu daga kuɗin awararta. Na san ramin yana kashe mutane. Zaman nan ma yana kashewa, a hankali ne kawai ba a gani. In ka ce kada in je ranar nan, ba zan je ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, wata motar za ta zo."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ashe haka muryarsa take. Yaya, mutumin da ba a taɓa kayar da shi a magana ba, ya ce, "Tashi ka je." Da ya fita sai ya juyo kaina, don dole ya sauke a kan wani: "Kun sa shi boko ya koyo gardama." Na ce bokon da shi ya hana nasa 'ya'yan, ga su can Legas suna tura baro. Muka rabu ba daɗi.

Kwana biyu ban ji komai ba, na ce shi ke nan, na zubar da girmana a banza. Sai ga shi da sassafe yana buga mini ƙofa da sanda. "Fito mu je fadama."

Muka tsaya a bakin rafi. Ƙasa baƙa, ka sa yatsa ka ji danshi, amma ba komai a kai sai layin gamba, layin gamba, da kashin awaki. Yaya ya ce, "Ka tuna albasar da Baba yake cirewa a nan?" Na ce na tuna, ni nake jan jigon ai, shi yana kwance wai ciwon ciki. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "In wurin nan ya koma ɗaya, zai riƙe mutum da rani. Har biyu ma." Sai kuma ya ja da baya. "Amma iyaka ce. Ni ba zan je lahira da ƙasar wani a wuyana ba."

Wannan tsoron gaskiya ne, kada wani ya yi dariya. A wajenmu ka zagi mutum ya yafe, amma ka matsar da gamba taki ɗaya, jikokinku ma sai sun gaji faɗan. Tun muna yara ake tsorata mu da azabar mai cin iyaka, har ya zama ko da yardar mai ita ba ma son taɓawa.

Muka je wajen limamin garinmu bayan azahar. Ya saurare mu, ya yi murmushi ya ce, "Abin da aka hana shi ne ka ci ta wani ba da saninsa ba. In duk masu haƙƙi sun yarda, kowa ya san nasa, aka ba yaro aro ya noma, ina laifin? Ku kafa duwatsu a bakin kowane yanki, gaba da baya, a gaban shaidu. Gamba ai ba ita ce shari'a ba, ciyawa ce." Ya ƙara da cewa, "Amma fa duka masu haƙƙi. Har mata. Kada ku yi irin taku ta maza, ku gama ku aika musu da labari."

Nan aikin yake. Ƙannenmu biyu da su ma suke Legas aka same su a waya. Ɗaya ya ce shi ya ma manta yana da wani abu a fadama. Ɗayan ya yi ta jan magana, yana tsoron in an tuge gamba an cinye shi ke nan, sai da liman ya karɓi wayar da kansa. Saura ƙanwarmu da take aure a Kunci, wadda yankinta ne a tsakiya, kuma bakinta ya fi na kowa kaifi. Ta zo da kanta a bayan babur, ta sauka tana gyara mayafi, ta dube mu mu biyu a tabarma ɗaya ta ce, "La'ilaha illallahu. Yaya Babba da Yaya Ƙarami a inuwa ɗaya? Ku matsa in zauna kafin a tashi duniya."

Aka yi mata bayani. Ta ce, "Yanzu kuka tuna ina da gona? Shekara nawa kuna watsa shinkafa a yankina, ko ƙwarya ɗaya wa ya taɓa aiko mini?" Yaya ya fara kame-kame. Ta ce, "Bar shi, na yafe, ba don ku ba. Ina ɗan nawa?" Aka kira shi. Ta ce, "Kai, zinariya za ka je nema? Da wannan siraran hannun? Na ba ka yankina aro. Akwai ragon da nake turke, na so in kai shi Babbar Sallah, za a sayar a nema maka injin ban-ruwa ko tsoho ne. Amma ka ji sharaɗina. Albasar farko a gidana za a fara sauke ta, kuma in na ji an gan ka a rumfar cajin nan da rana tsaka, da kaina zan zo in ɗauke injina."

Ya ce, "Gwaggo, ban taɓa noman rani ba fa."

Ta ce, "Haƙar rami ka taɓa?"

Ranar da aka tuge gambar, rabin gari ya zo kallo. Wasu dattawa suna girgiza kai, suna cewa 'ya'yan marigayi sun haukace. Aka kafa duwatsu, liman da mai unguwa suna tsaye. Aka miƙa wa Yaya magirbi ya fara, don shi ne babba. Ya riƙe, ya yi bisimilla ya fi sau uku kafin ya sara. Da saiwar farko ta fito sai ya ja tsaki ya ce, "Ashe ma ba ta da zurfi." Gambar da muka tara a ranar ta yi zana har ta kewaye wurin saboda awaki.

Ranar kasuwar da aka ce, motar ta zo ta tsaya a bakin hanya, ta ɗebi waɗanda ta ɗeba. Ni ban je fadama ba, ban kuma je bakin hanya ba, na zauna a gida. Can ƙanwarsa ta shigo da kwanon da ta kai masa, ta ce wa uwarta, "Inna, Yaya ya ce gobe a ƙara tuwon, masu buga rijiya sun cinye masa." Matata ta juya baya tana gyara murhu, ta daɗe tana gyara shi.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Injin tsoho ne, yini ɗaya yana aiki yini ɗaya ina kwance a ƙarƙashinsa da sifana. Man fetur ya ci rabin wahalar. Irin farko da ya zuba ya ƙone, sai da ya je Watari ya yi kwanaki yana taya wani dattijo aiki kyauta don ya ga yadda ake yanka fangali da sakin ruwa. Tumatirin da ya gwada a gefe, tsutsa ta gama da shi. Da albasar ta zo, ta zo lokacin da ta kowa ta zo, kasuwa ta faɗi, dillalai suka yi yadda suka so. Abin da ya samu ba zai yi rufin kwano ba. Amma ya sayi takin shekara mai zuwa, ya ɗinka wa ƙanwarsa kaya, ya sauke buhu a Kunci kamar yadda aka yi sharaɗi. Ya kuma ɗauko abokansa biyu daga bencin nan suka yi dashe da cira tare, ya sallame su da hannunsa. Na ga yadda suke tafiya da yamma, ƙafa duk taɓo, suna zagin juna suna dariya.

Kada a ce na ce mun gano maganin rashin aiki. Fadama ɗaya ce, samarin garinmu kuwa sun fi a ƙirga, kuma ba kowane gida ne yake da bakin rafi ba. Masaƙarmu tana nan a rufe, an ce ma ta koma wurin ajiye kayan waje. Waɗanda aka zaɓa su yi tunanin wannan suna can suna tunanin kansu. Mai babur ɗin bai daina zuwa ba. Daga cikin waɗanda suka bi motar nan, akwai wanda har yau ba labari. Sai dai gida biyu a unguwarmu sun zo sun duba duwatsunmu, ɗaya har sun kira liman, ɗayan suna can suna faɗa tukuna, wanda shi ma alama ce, don da ko zancen ba a yi.

Bana rani na biyu ke nan. Kwanan baya muna zaune a bakin fadamar ni da Yaya, muna jiran a kashe inji, yaron nan ya zo ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Baffa, na yi wani tunani. Gonakin tudun nan uku, da za a yi musaya, kowa ya tattara nasa a wuri ɗaya, shanu za su iya huɗa ba tare da sun taka na kowa ba. Ni zan iya riƙe na su Baffan Legas in ana so, in dinga aika musu da nasu. Kuma ina so in gwada ajiye albasar bana a rumbu har ta yi daraja, in za ka ba ni gefen zaurenka in gina."

Yaya ya zaro ido. "Kai, ba ka da kunya? An ba ka fadama, yanzu tudun kake so? Gonakin tudu sai bayan raina."

"To Baffa, rumbun fa?"

"Rumbun ka gina. Na tudun kuma," ya tsaya ya soshi gemu, ya kalli inda ruwa yake bin fangali, "bari dai mu ga damina."

Yaron nan ya tashi ya koma wajen injinsa. Yaya ya juyo ya harare ni ya ce, "Kai kuma me kake wa murmushi? Tashi ka naɗe tiyon can kafin rana ta cinye shi."

Na tashi na naɗe.